Giyar Tsohon Bullet a Hanyar Manali Zuwa Leh

Hanyar da ta tashi daga Manali, a jihar Himachal Pradesh ta arewacin Indiya, ta dangana da Leh a Ladakh, tsawonta kusan kilomita 430 ne tun da aka buɗe ramin Atal a watan Oktoba na 2020. A takarda, tafiyar Kano zuwa Abuja ce. A ƙasa kuwa mai babur kwana biyu yake yi a kanta, wani ma uku, domin tana ɗaukar mutum daga tudun mita 2,000 ta haura da shi sama da mita 5,300, kuma dusar ƙanƙara na toshe ta watanni da dama duk shekara, sai hukumar kula da hanyoyin kan iyakar Indiya ta share ta. Babur ɗin da sunansa ya haɗu da na wannan hanya shi ne Royal Enfield Bullet, ɗan asalin garin Redditch a Ingila. A 1955 aka kafa kamfanin harhaɗa shi a Madras, bayan sojojin Indiya sun zaɓe shi don sintiri, kuma ya ci gaba da fitowa daga can shekara da shekaru bayan masana'antar Ingila ta rufe. Tsohon samfurinsa, mai tukunyar inji ta baƙin ƙarfe da giya huɗu a ƙafar dama, har yau akwai masu haura duwatsun nan da shi, kuma kukan da aka fi yi da shi na giya ne: ta ƙi shiga, ta shiga da ƙara, firi ya ɓata, ko ta fice da kanta ana tsakiyar hawa. Abin da nake son nunawa shi ne, a mafi yawan lokuta giyabos ɗin ba shi da laifi, kuma matafiyin da ya fara kwance shi ya soma ne da abin da ya kamata ya bari sai ƙarshe.

Dalili na farko yana cikin ginin babur ɗin. A baburan zamani, har da Bajaj Boxer da 'yan acaɓa suka sani a garuruwanmu, inji da kuloci da giya a akwati ɗaya suke, mai ɗaya ke wanke su. Tsohon Bullet akwati uku ne. Inji yana gaba da mansa. Giyabos, wanda tsarinsa na kamfanin Albion ne na Birmingham, yana bayansa shi kaɗai, kuma da giris mai ruwa-ruwa aka saba cika shi a Indiya. A gefen hagu akwai akwati na uku, inda sarƙar ciki ke ɗauko juyi daga inji ta kai wa kuloci. Kulocin yana hagu, amma wayarsa ta dama take shiga, ta ja wani ɗan hannu a cikin murfin giyabos, shi kuma ya tura siririn ƙarfe da ya ratsa cikin sandar giya har ya ɓulla hagu ya ɗaga fayafayan kuloci. Doguwar hanya ce, kuma abin da take isarwa a ƙarshe ɗagawa ce ta milimita kaɗan. Waya ta ɗan miƙe, noti ya ɗan saki, bakin ƙarfen ya ɗan cinye, sai ɗagawar ta gaza. In kuwa kuloci bai saki sarai ba, inji zai ci gaba da juya haƙoran giya a daidai lokacin da ake son su lafa su shiga juna. Mai babur a ƙafarsa zai ji taurin, shi ya sa yake tuhumar giya, alhali daga hannunsa na hagu abin ya faro.

Kafin a kai ga kuloci ma, akwai mahayin da kansa, kuma tun a kilomita na farko bayan Manali ake gane wannan. Wanda ya saba da babur mai giya a hagu zai tarar an juya masa komai: birkin baya a ƙafar hagu, giya a dama, lamba ɗaya sama ake ɗaga ta, sauran ukun ƙasa ake taka su. Sannan fedar tana da doguwar tafiya, ba ta amsa ɗan taɓi da yatsa. Tsakanin kowace giya da ta gaba akwai gurbin da babur zai zauna ba a ko ɗaya ba, kuma wanda ya taka da gaggawa ya ɗauke ƙafa a can zai faɗa, ya ji inji ya yi kururuwa taya ba ta ja. Masu hayar babur na kwana kaɗan da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin lalacewa. Ba lalacewa ba ce. Giyabos ne na zamanin da ake rufe totur, a ja kuloci har ƙarshe, a ɗan dakata juyi ya sauka, a danna feda a riƙe ta har sai an saki kuloci. Sauri kan haifi nawa. Masu ƙera shi sun san firi na gaskiya yana wuyar samu, shi ya sa suka ƙara masa wani ɗan ƙarfe a kan murfi, wanda ake takawa da dunduniya daga lamba biyu ko uku ko huɗu ya mayar da giya firi kai tsaye, kuma ya fi amsawa tun babur yana gangarawa bai tsaya cak ba. Don haka tambayar farko ba ta buƙatar sifana: shin in wanda ya saba da babur ɗin ya hau, matsalar tana nan?

Wanda ya bi ramin Atal, mai tsawon kilomita tara, cikin 'yan mintuna zai ɓulla kwarin Lahaul kusa da Sissu. Wanda ya zaɓi tsohuwar hanya ta mashigin Rohtang, mai tsayin mita 3,978, shi ne zai san abin da zafi ke yi wa kuloci. Taɓo ne da layin motoci, a matsa taku goma a tsaya, kuma mai babur yana riƙe da kuloci rabi-rabi tsawon lokaci. Fayafayai su yi zafi su kumbura, waɗanda suka tsufa su lanƙwashe, sai lamba ɗaya ta fara shiga da ƙara, babur ya riƙa rarrafawa gaba alhali an ja hannun kuloci har ya taɓa sitiyari, firi kuma ya ƙi samuwa ko da ɗan ƙarfen dunduniya. A nan ne gwaji mafi amfani yake, kuma kyauta ne. A kashe inji, a ɗora babur a jakinsa na tsakiya, a riƙa juya tayar baya da hannu ana bin giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In duk huɗun sun shiga lafiya, firi ya samu nan take, to an wanke giyabos, domin haƙoran da ƙarafan da ke tura su duk su ne dai waɗanda suka yi gardama ɗazu, abin da ya sauya kawai shi ne inji ya daina jan su. Laifin na kuloci ne. In kuwa taurin yana nan inji a kashe, sai a koma wajen feda da abin da ke bayan murfinta. Gwajin minti biyar ne ya raba matsalar gida biyu, kuma ban ga hujjar da za ta sa a kwance ko noti ɗaya kafin a yi shi ba.

A Tandi, inda kogin Chandra da na Bhaga suka haɗu, akwai gidan man da ya yi suna saboda allon da ya daɗe yana gargaɗin cewa na gaba yana da nisan kilomita 365. Ɗan gaba kaɗan Keylong yake, hedikwatar gundumar, kuma garin kirki na ƙarshe kafin duwatsu. A nan wani zai ce, ai duk wannan ba aikin matafiyi ba ne, a bar wa bakanike, tunda bakaniken wannan yanki ya san Bullet fiye da kowa. Gaskiya ne ya san shi. Amma bakanike yana Keylong, matsalar kuma ba a Keylong take tasowa ba, sai an yi nisa. Kuma ko a gabansa, babur ɗin da aka kawo ya huce ba zai nuna abin da yake yi da zafi ba, sai abin da mai shi ya iya faɗa. Ga kuma wani abu: gyaran kulocin nan yana da jeri, kuma jerin ne ake yawan karyawa. Sai an fara sassauta waya gaba ɗaya, a buɗe ɗan murfin duba na gefen giyabos, a daidaita sukurin da ke danna siririn ƙarfen nan har ya taɓa shi a ɗan ja baya, a ɗaure notinsa, sannan a dawo kan waya a bar ɗan wasa na milimita biyu ko uku a hannun kuloci. Wanda ya tsallake sukurin ya yi ta ɗaure waya zai samu sauƙi na yini ɗaya, amma ya bar ƙarfen a danne koyaushe, bakinsa ya yi zafi ya cinye, kulocin kuma ya fara zamewa. Ya gudu daga kulocin da ba ya saki ya faɗa wanda ba ya kamawa. Wayar kuloci ta ajiya, a ɗaure ta a jikin ta aiki tun daga gida, ta fi duk wani ƙarfen giya da mutum zai ɗauko a jaka amfani.

Bayan Jispa da Darcha itatuwa suna ƙarewa, hanya ta fara hawa ta Zingzingbar zuwa mashigin Baralacha La, wajen mita 4,900. Wannan yankin rafuka ne da ke ratsa titi, ruwan ƙanƙarar da rana ta narkar, shi ya sa da safe suke ƙanana, da la'asar su cika su yi ƙarfi. Abu biyu suke yi wa giya. In ruwa ya shiga akwatin sarƙar ciki ko giyabos, mai zai koma fari-fari kamar an dama shi da madara, fayafayai su manne, canjin giya ya yi nauyi, kuma buɗe notin duba mai kawai ya isa a gani. Na biyu shi ne faɗuwa. Dutse mai santsi a ƙarƙashin ruwa yana kayar da gwani ma, kuma in babur ya kwanta ta dama, fedar giya ce ke fara cin ƙasa. Ko ta lanƙwashe ta riƙa gogar murfi ko matakin ƙafa, ko ta saki a kan sandarta ta riƙa juyawa ba ta juya komai ba. Duk matsalar da ta fara nan take bayan faɗuwa, a wajen babur za a fara neman ta, da ido. Haka ma sarƙar baya: in an ɗaure ta tamau alhali an lafta kaya da fasinja, duk ramin da aka faɗa sai ta fizgi sandar giya, canji ya yi tauri, kuma sassauta ta aikin sifana biyu ne.

Sarchu, kan iyakar Himachal da Ladakh, fili ne na tantuna a tsayin kusan mita 4,300, kuma ko da rani sanyin dare yana iya kaiwa na daskarewar ruwa. Da asuba giris ya yi kauri, mai ya manne fayafayan kuloci, feda ta yi nauyi kamar an kulle ta. Tsofaffin masu Bullet kafin su tayar da inji sukan ja kuloci su buga kik sau biyu ko uku har su ji ya tafi fayau babu nauyi, alamar fayafayan sun rabu. Taurin da ya tafi bayan kilomita goma na sanyi ne, babu abin gyara.

Inda aka fi yi wa giya ƙazafi shi ne daga nan zuwa gaba. Kwanonin Gata, su 21, suna nannaɗe a jikin dutse ɗaya, daga su sai Nakee La, sai Lachulung La da ya haura mita 5,000. A wannan tsayi iskar da inji ke shaƙa ba ta fi rabin ta bakin teku da yawa ba, kuma Bullet 350 da ke da ƙarfin doki kusan 18 a ƙasa ya yi asarar babban rabo. Kafireton da aka daidaita a ƙasa yana ba da fetur fiye da iskar da ke akwai, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa shaƙewa. A kan wannan kuma ga halin giyabos ɗin: tazarar da ke tsakanin lamba uku da huɗu babba ce, in aka canja juyin inji yana sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙasa inji yana da rarar da zai cike wannan gurbi. A sama ba shi da ita, sai mahayi ya ga a uku inji yana ihu, a huɗu yana neman mutuwa, ya yanke hukunci lamba huɗu ta lalace. Rarrabewar ba ta da wuya in aka saurara. In an murɗa totur ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, kuma abin dubawa na farko shi ne wasan nan na hannu, sannan irin man da aka zuba a akwatin sarƙa, sannan fayafayai da sifirin ɗinsu. In ƙara da gudu tare suka faɗi, kuloci ya kama, giya ta shiga, iska ce babu, kuma maganinta a zauna a lamba biyu ko uku a haƙura. Babu sifanar da ke ƙara wa dutse iska.

Ƙorafi mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa shi ne cewa giyabos ma yana lalacewa, kuma babur mai shekara talatin ko arba'in ba sabo ba ne. Haka ne, kuma alamominsa ba su ɓuya. In feda ta ƙi dawowa tsakiya bayan an taka, sifirin ɗin mayar da ita ya karye. In giya tana hawa lafiya amma saukowa sai da gardama, ko akasin haka, farantin da ke daidaita abin kamun feda ya goce, kuma wannan a bayan murfin waje yake, ana iya gyara shi a gefen titi ba tare da an taɓa haƙora ba. In giyoyi daban-daban suna ficewa da kansu, a tuhumi ɗan ƙarfe mai tsini da sifirin ke dannawa cikin tsaga don riƙe kowace giya a mazauninta. In kuwa giya ɗaya ce tak ke ficewa, kuma sai an ba da wuta a hawa, to kunnuwan da ke kulle ta da 'yar uwarta sun side, ko ƙarfe mai baki biyu da ke tura ta ya lanƙwashe, kuma wannan ciwon ciki ne na gaske. Amma a lura da abu biyu. Ba a isa ga wannan hukunci da gaskiya sai an kawar da duk na gabansa, domin giyar da ba ta shiga har ƙarshe ba saboda kuloci ko ƙafa mai gaggawa ita ma ficewa take yi, kuma tilasta giya a kan kulocin da bai saki ba shi ne babban abin da ke side kunnuwan tun farko. Na biyu, ko an tabbatar ciki ne, Pang, zangon da ke gaba a hanyar, ba wurin buɗe shi ba ne. 'Yan rumfunan shayi ne da sansanin soja a cikin ƙura, kuma filin More da ke bayansa kusan kilomita 40 ne na iska da yashi. Giyabos mai giya uku masu aiki zai kai mutum Leh. Wanda aka baje kayan cikinsa a kan buhu, wanshi ɗaya ya faɗa yashi, sai dai a jira babbar mota.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar da kai ce, tunda kamfanin da kansa ya bar wannan tsari tsakanin 2008 da 2010 ya koma inji mai haɗe da giya biyar a hagu, a 2016 kuma ya fitar da samfurin Himalayan don irin wannan hanya. Ba na musun cewa sabon ya fi sauƙin hawa, kuma wanda burinsa ya ga Ladakh kawai shi ya kamata ya ɗauka. Sai dai jerin binciken bai tsufa tare da tsohon babur ba. Sabon ma kuloci ne da waya da feda da sarƙa, kuma giyarsa in ta yi tauri ta waɗannan ƙofofi ake fara shiga. Bambancin shi ne tsohon ya ware kowane abu a akwatinsa, ana iya buɗe ɗaya a bar biyu, wanda a sabon ba haka ba ne. Ta wannan fuska wanda ake kira mai rigima ya fi sauƙin bincike.

Mashigi na ƙarshe shi ne Tanglang La, mita 5,328, kuma bayansa gangara ce mai tsawo zuwa Upshi a bakin kogin Indus. A gangarar nan ake gane dalilin da ya sa maganar giya ba ta jin daɗin hawa ba ce kawai. Tsohon Bullet birkin ganga ne gaba da baya, kuma in aka dogara da shi kaɗai kilomita bayan kilomita zai yi zafi ya daina kamawa. Inji ne ke riƙe babur, a lamba biyu ko uku, don haka giyar da ke faɗawa firi na ƙarya a bakin kwana ta fi haɗari a saukowa fiye da a hawa. Wanda bai amince da wata giya ba ya zaɓi wadda ta zauna daram tun daga sama, ya daina canje-canje har ya sauka. Daga Upshi zuwa Leh kusan kilomita 50 ne na kwalta mai kyau a gefen kogi, ta Karu da Thiksey. A Leh, mita 3,500, akwai gareji da benci da kayan gyara, kuma a nan ne buɗe giyabos ya zama daidai in alamu sun nuna ciki. Abin da bakanike zai fara tambaya shi ne wace giya ce, da sanyi take yi ko da zafi, a hawa ko a gangara, inji a kashe ma tana yi, kuma an faɗi a ruwa ko ba a faɗi ba. Mai amsar waɗannan yakan fita da sabuwar waya da fayafayai kafin azahar, ko kuma a cire masa haƙori ɗaya da aka riga aka san wanne ne.